Mai Askin da Maganarsa ta Koma Waƙa

Ƙanena mai aski ne, kuma a duk titinmu babu wanda ya kai shi surutu. Idan ya ɗaura wa mutum ƙyalle a wuya, to ya kama shi ke nan. Sai ya ji labarin ƙwallo, da na tsadar mai, da na wani mutum da aka ce ya haɗiye makulli kuma bai mutu ba. Askin ba ya ɗaukar lokaci, hirar ce ke cin yini. Shi ne ya laƙaba wa 'yarsa suna Rediyo, wai don tun tana rarrafe aka rasa inda ake kashe ta. Sunan ya bi ta har ta girma. Ko a gidan burodin da take aiki, haka suke kiranta.

Ni yayansa ne. Ina zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala a gidan da suke haya, ina gyaran laima da tocila idan an kawo. Idan ba a kawo ba, sai in zauna in kalli abin da ke wucewa. A cikin duk abin da ya wuce ta gabana, ban ga kamar wannan da zan ba da labarinsa ba.

Rediyo tana da jita mai tsagaggen ciki da ta liƙe da gam. Takan fita aiki tun da asuba, ta dawo da rana da garin fulawa a gira, ta watsa ruwa, ta ɗauki jitar. Ita ke tsara waƙoƙinta, ita ke rerawa, ita ke ɗaukar bidiyon da wayarta ta ɗora a intanet. Ba ta da ma'aikaci sai ni. Na taɓa riƙe mata igiya muka zuro wayar a cikin bokiti daga saman bene, tana ƙasa tana waƙa tana kallon sama. Mun taɓa ɗaure wayar a sandar share yana. Akwai ranar da ta sa ta a cikin kwalbar gilashi, duk duniya ta fito a lanƙwashe kamar ana kallonta daga cikin ruwa.

Kowace waƙa tata da abin da ya haife ta. Akwai wani takalmi ƙwaya ɗaya a kan rufin rumfar da ake jiran bas, kullum tana hango shi ta tagar mota. Ta yi ta tambaya har wata mai sayar da jarida ta faɗa mata: wani mutum ne da aka yanke wa ƙafa, ranar da aka sallame shi daga asibiti ya tsaya a wurin da sandunansa, ya cilla takalmin sama yana dariya, ya ce ya je ya huta. Rediyo ta dawo gida ba ta ci abinci ba sai da ta gama waƙar.

*Takalmi ɗaya a kan rufi,*
*ina ɗan'uwanka ya tafi?*

Akwai kuma wadda ta yi wa matar da ke saman bene, wadda kullum take zuba wa furen roba ruwa. Mijinta ne ya sayo mata, idonsa ba ya gani sosai, ya ɗauka na gaske ne. Ita kuwa ba ta so ya gane.

Ƙanena ba ya barin ta ta huta.

"Ke Rediyo, yau wace tasha muka kamo? Ta masu kuka?"

"Ta 'yan sanda ce, Baba. Ana cigiyar mai askin da ya yanki kunnen mutum saboda surutu."

"Ji mini yarinya! Yaya, ka ji abin da kake goya wa baya?"

Amma idan na leƙa shagonsa, sai in tarar ya jingina wayarsa a gaban madubi, bidiyonta na tafiya, yana ce wa wanda yake yi wa aski, "Dubi shirme. Dubi dai abin da yaran yanzu ke yi. Tsaya, daina motsi, nan wurin ne ya fi daɗi."

Wata safiya yana tsakiyar labari, injin aski ya faɗi daga hannunsa. Wanda ke kan kujera ya ce ya jira ƙarshen zancen, bai zo ba. Da ya ɗaga ido ya ga a madubi ƙanena na zamewa ƙasa a hankali, yana riƙe da bayan kujerar.

Da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Bakinsa ya karkace, idonsa ɗaya ya sauko, kamar an rataye rabin fuskar a ƙusa ta zame. Maganar kuma ta tafi gaba ɗaya, in ban da abu guda: "Na gaba." Abin da yake faɗa ke nan idan ya gama da kai ɗaya yana kiran wani. A cikin duk dubban kalmomin da mutumin nan ya tara, wannan kaɗai aka bar masa. Idan Maman Rediyo ta kawo abinci, "Na gaba." Idan ƙafarsa na ciwo, "Na gaba." Idan ya ga ba mu gane ba, sai ya faɗe ta da ƙarfi har jijiyar wuyansa ta tashi.

Kafin a shigo da shi, Maman Rediyo ta cire madubin da ke ɗakin. Babban na shagon kuma, da aka rufe shagon, aka kawo shi ɗakina aka juya fuskarsa bango. Babu wanda ya ce a yi haka, babu wanda ya ce kada a yi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gyara fuskokin mutane, muka ga bai kamata ya ga abin da ya sami tasa ba. Ni na riƙa yi masa aski, yana kallon bango, ina yi da hannun mai gyaran laima.

Rediyo ta ajiye jitar, ta daɗe ba ta taɓa ta ba. Gidan ya yi tsit, har ana jin famfon tsakar gida na ɗiga.

Sai wata la'asar, ina zaune a bakin gadonsa ina yanke masa farce, ta ɗauki jitar a ɗakinta. Bangon da ke tsakani na katako ne. Ta fara waƙar takalmin a hankali, don kanta kawai. Ta rera layin farko ta tsaya, hannunta kaɗai ke ci gaba da kiɗa.

Sai na ji an amsa a kusa da ni.

*Ina ɗan'uwanka ya tafi?*

Kowace kalma cikakkiya, a wurinta. Muryar ta shaƙe, ta yi kaushi, amma tasa ce, wadda na sani tun ina goya shi. Na waiga bayana, don na ɗauka wani ne ya shigo. Babu kowa. Ƙanena na kallona, ni ma ina kallonsa, kuma na rantse ya fi ni tsorata. Kiɗan ya tsaya, na ji an ture kujera, Rediyo ta faɗo ɗakin da jitar a hannu.

"Baffa, wa ya yi waƙa?"

Na nuna shi da abin yanke farcen.

"Baba? Baba, ka ce wani abu. Ka kira sunana."

Ya buɗe baki, ya yi ta kokawa, gumi ya tsatso masa. "Na gaba."

Ta durƙusa a ƙasa ta sake kaɗa waƙar. Ya bi ta daga farko har ƙarshe, har da amshin, har da wani wuri da take jan murya wanda ya sha kwaikwayo yana tsokanarta. Maman Rediyo ta taho daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, miya na ɗiga a ƙafarta ba ta sani ba.

Da muka koma asibiti, likitar ta saurare mu ta yi murmushi. Ta ce tana ganin irin haka jefi-jefi. Ta ce magana da waƙa ba ɗaki ɗaya suke kwana a cikin kan mutum ba, ciwon ya rushe ɗaya ya bar ɗayan. Ta ce mu ci gaba, kada mu bari ya daina. Na yi ta juya zancen a hanya. Ashe kowannenmu na yawo da wani ɗaki a kansa wanda bai taɓa shiga ba, da fitila a kunne a ciki. Na dubi mutanen da ke cikin bas ɗin ɗaya bayan ɗaya, mai barci, mai cin gyaɗa, mai faɗa a waya, ina tunanin abin da ke ajiye a nasu ɗakin.

Rediyo kuwa ba tunani ta tsaya yi ba. Ta ce, "Baffa, idan abin da ke cikin waƙa kaɗai yake iya faɗa, to sai in zuba masa abin da yake buƙata a cikin waƙa."

Ta fara da ruwa.

*Ba ni ruwa, ba ni ruwa,*
*maƙoshi ya bushe, ba ni ruwa.*

Ta yi ta rera masa safe da yamma har ta zauna masa. Ranar da ya fara rera ta da kansa, ba kiɗa, ba kowa a kusa, don kawai yana jin ƙishi, Maman Rediyo ta kawo kofin da gudu har ta zubar da rabi. Daga nan aka yi waƙar buɗe taga, aka yi ta ciwon ƙafa, aka yi ta "juya ni, gefen nan ya gaji". Aka yi ta "na ƙoshi", domin Maman Rediyo ba ta san a daina ɗura wa mutum abinci ba. Kowace da muryarta daban, don kada su cakuɗe masa. Ta banɗaki gajera ce mai sauri, kuma ita ce maƙwabta suka fi haddacewa.

Gidanmu ya zama wani irin gida. Za ka ji namiji ya ɗaga murya da waƙa daga ɗaki, mace ta amsa daga kicin, "To, ina zuwa, ka bari in sauke tukunya." Mai kawo gas ya taɓa tsayawa a tsakar gida da tulu a kafaɗa, ya kasa gaba ya kasa baya.

Waƙoƙin sun yi daɗi, daɗin da ya wuce aikin da aka yi su dominsa. Rediyo ta tambayi babanta ko ta ɗauke su a bidiyo, ya gyaɗa kai da ƙarfi. Sai muka koma aiki. Ɗakin ba ya samun rana, don haka nakan fito da babban madubin shagon in tsaya da shi a baranda, in kamo hasken la'asar in jefa shi ciki ta ƙofa. Nakan karkata shi yadda daga kan gado ba za a ga komai a cikinsa ba. A waƙar ruwa ta ɗauki kofin kawai, hasken na rawa a cikinsa yana hawa bango. A ta taga ta ɗauki labule na motsi. A ta ciwon ƙafa ta ɗauki hannunsa na hagu, mai lafiyar, yana buga gwiwa daidai da kiɗa. Muryarta a sama, tasa a ƙasa kamar ana jan buhu a kan siminti, kuma idan suka haɗu sai ka ji tsikar jikinka ta tashi.

Mutane suka fara kallo, fiye da yadda suka taɓa kallon na baya. Suna tambaya, wane ne wannan dattijon? Wata ta rubuto cewa tana kunna wa mahaifiyarta waƙar ruwa. Wani ya ce waƙar "juya ni" ta sa shi ya kira matarsa da suka yi faɗa. Rediyo ta karanta mana wannan, Maman Rediyo ta ce, "Allah ya shirye shi, shi bai san ciwon baya ba ne."

Amma akwai abin da ke faruwa duk lokacin da aka gama bidiyo. Rediyo takan zauna kusa da shi ta nuna masa. Yakan ƙura ido, ya matso da fuska kusa da wayar, ya bi ta da kallo har ƙarshe. Sai ya ture wayar. Ya bugi katifa. "Na gaba! Na gaba!" Wata rana har da hawaye, ta idon nan da ya sauko. Yana son ya faɗi wani abu, kuma abin ba ya cikin kowace waƙa da aka ba shi.

Muka shiga canka. Na ce ko muryarsa ce ba ta fita sosai. Rediyo ta ƙara mata ƙarfi, ya ture wayar. Maman Rediyo ta ce, "Kunya yake ji. Mutum da girmansa, duniya na jin yana roƙon ruwa? Ki sauke abin nan." Rediyo ta sauke su duka, ta zo ta faɗa masa. Ranar ya jefar da kofi har ya fashe. Ta mayar da su, bai huce ba.

Sai ta koma yin waƙoƙin canka. Ta yi "ina son in fita waje". Ta yi "ku kai ni shagona". Ta yi "ku bar ni ni kaɗai". Ta yi wata mai wuya, wadda ta rera tana kallon ƙasa, "ina jin tsoro". Yakan koye su, domin waƙa na shigarsa ko yana so ko ba ya so, ya rera su tsaf yana girgiza kai. Ban taɓa ganin abu mai ban tausayi irin wannan ba, mutum na faɗin magana da bakinsa yana ƙaryata ta da kansa.

Daga nan ya rufe baki. Idan ta ɗauko jita, sai ya juya fuska bango. Ko ruwa ya daina nema da waƙa, sai dai a lura da leɓensa a ba shi. Har "na gaba" ɗin ta ɗauke. Na tuna abin da likitar ta ce, kada mu bari ya daina. Ƙofa ɗaya ce ta rage masa, ga shi yana jan ta da hannunsa yana rufewa.

Wata rana Rediyo ta dawo daga aiki ba ta shiga ciki ba, ta zauna a bakin ɗakina a kan akwatin kayan gyara. Ta ɗauki wata karyayyar laima tana buɗewa tana rufewa.

"Za ki ƙarasa ta," na ce.

"Baffa, tun da ya kwanta, akwai kalma ɗaya da ya faɗa wadda ba ni na sa masa a baki ba?"

Ba ta jira amsata ba.

"Bakinsa ne, amma maganata ce. Mutumin da ba a iya katse shi. Na mai da shi aku."

"Ke kika ba shi ruwa, 'yata."

"Na ba shi ruwa." Ta rufe laimar. "Yanzu zan yi masa wadda ba ta da kalmomi."

"Wannan ai kiɗa ne kawai."

"A'a. Zan gina ta, in bar masa ɗaki a ciki babu kowa."

Abin da ta yi shi ne ta tsara wata murya mai sauƙi, mai hawa a hankali kamar matakala. Layin farko kaɗai ke da kalmomi: *Abin da nake so in ce.* Daga nan sai kiɗa ya ci gaba shi kaɗai, daidai tsawon layi guda, ya zagayo, ta sake rera na farkon. Ta zauna a ƙasa kusa da gadon, ba ta kalle shi ba, ba ta roƙe shi ba. Ta yi ta yi har rana ta sauka. Washegari ta sake. Aka yi kwanaki a haka. Wurin nan da ba kowa ya fara damun kowa a gidan. Maman Rediyo ta ce tana wanke-wanke sai ta ji bakinta na son cusa wani abu a ciki. Ni kaina na sha cika shi a zuci da abubuwan da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Waƙar kamar rijiya take, duk wanda ya wuce sai ya leƙa.

Ranar da abin ya faru ina baranda da madubi, don ta ce in kawo haske ko da ba za a ɗauki komai ba. Wayar na jingine a kan kujera, tana kallon labule kamar kullum. Ta rera layinta. Kiɗa ya shiga wurin da ba kowa. Sai na ji wani gunji daga kan gado, ba kalma, murya kawai, tana bin matakalar. Rediyo ba ta ɗaga kai ba. Ta zagayo.

*Abin da nake so in ce.*

*Ni,* in ji shi.

Na jingina madubin da bango na matso bakin ƙofa. Ya juyo daga bangon. Fuskarsa ta jiƙe da gumi kamar mai ɗaukar kaya. Ta sake zagayowa, a hankali fiye da da.

*Ina... ni?*

"Kana nan, Baba," ta ce, ba ta daina kiɗa ba. "Kana gida."

Ya girgiza kai. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna wayar da ke kan kujera. Da wurin ya sake zuwa, ya shiga da dukan ƙarfinsa, yana ɗora kalma ɗaya a kan kowane mataki, yana hutawa a tsakani.

*Kofi. Taga. Hannu. Ina ni?*

Kiɗan ya mutu a hannun Rediyo. Ashe duk lokacin nan da yake matso da fuska kusa da wayar, kansa yake nema. Yana jin muryarsa, yana ganin kofinsa da labulensa da hannunsa, yana jira a nuno mai su, har bidiyon ya ƙare.

Maman Rediyo na bayana, ban san lokacin da ta zo ba. Ta ce, "Don kai muka yi. Wallahi don kai muka yi, Baban Rediyo."

Ya yi wa Rediyo alama da hannu ta ci gaba. Ta share ido da kafaɗa ta kama kiɗan. Wannan karon bai jira layinta ba.

*Ban mutu ba.*

A waje wani na tallan katifa, muryarsa ta zo ta wuce.

Rediyo ta ajiye jitar ta ɗauko wayar. Ta juya kyamarar ta koma ta gaba, wadda mutum ke ganin kansa. Ta riƙe ta a ƙirjinta tukuna.

"Baba, fuskar ta canza fa."

Ya miƙo hannu.

Ya daɗe yana kallo. Na so in kau da ido, na kasa. Na ga ya bi gefen da ya zame, daga gira zuwa kumatu zuwa kusurwar baki, a hankali, kamar mai karanta wasiƙa daga nesa. Na ce a raina shi ke nan, mun kashe shi. Sai ya ba Rediyo wayar ta riƙe masa, ya sa yatsa biyu a haɓarsa ya juya ta hagu, ya juya ta dama, ya ɗaga ta sama. Na san wannan riƙon. Haka yake riƙe haɓar duk wanda ya zauna a kujerarsa. Ya shafa gefen kunne, ya shafa ɗayan. Ya haɗe girar da ke motsi. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya ja muryar waƙar da kansa, ba jita.

*Yaya. Wa... ya yi... askin nan?*

Maman Rediyo ce ta fara fashewa, dariya da kuka a haɗe, ta zauna daɓas a bakin ƙofa. Na ce, "Auta, ka yi mini rai, ni laima na iya." Ya yi wani sauti da ban ji ba tun kafin ya faɗi, rabin bakinsa ya hau sama.

Bai yarda a ɗauki komai ba sai da aka gyara. Aka ɗauko injin da reza da buroshinsa daga cikin kwali. Rediyo ta riƙe wayar a gabansa, ni na riƙe injin, shi kuma ya riƙe wuyan hannuna da hannunsa na hagu yana tuƙa ni. In na kauce sai ya matse. Na ji aikin na bi ta cikin hannuna kamar ba nawa ba, layi na fita tsaf a gefen kunne, gemu na daidaita. A gefen da ya shanye ma bai yi sauri ba, ya ja fatar da yatsa ya sa na bi ta a hankali. Maman Rediyo ta kawo farar rigarsa ta aiki, a goge. Muka tayar da shi zaune, muka tokare shi da matasai.

Rana ta kusa faɗuwa, hasken da na samu ja ne, na jefa shi a kansa gaba ɗaya. Rediyo ta jingina wayar daidai fuskarsa, ita ta koma gefe inda ba a ganinta. Ta rera layinta, ta bar masa wurinsa.

Ba zan iya kawo duk abin da ya faɗa ba. Kaɗan ne, kuma kowace kalma sai da ya je can nesa ya ɗauko ta. Wani lokaci kiɗan kan zagayo bai samo komai ba, sai ka ga idonsa na nema, bakinsa na shiri. Ya ce shi mai aski ne. Ya ce wannan fuskarsa ce. Ya ce wadda ke kiɗa 'yarsa ce, ta fi shi surutu. A nan Rediyo ta kuskure tsirkiya ɗaya ta jitar, ana jin kuskuren a bidiyon.

Da aka gama ta zauna kusa da shi ta nuna masa. Ya kalla har ƙarshe, bai ture ba.

"Baba, wuraren da ka yi shiru, in yanke su? Suna da tsawo."

Ya girgiza kai.

"A ɗora haka?"

Ya gyaɗa.

Ta shirya komai, ta kawo wurin da ake dannawa, sannan ta miƙa masa wayar a tafin hannunta. Ya ɗaga babban yatsansa na hagu, yana rawa, ya sauke shi a gefe, bai samu ba. Babu wanda ya miƙa hannu. Ya ja numfashi, ya sake ɗagawa, ya danna.